Mata da limanci a Cocin Katolika

Ƴan uwa ɗalibai, abin da na lura da shi a tarihin Cocin Katolika shi ne, hana mace limanci bai hana ta jagoranci ba.

Tun ƙarni na farko, Bulus ya ambaci wata mata, Fibi, mai hidima a majami'a. A 451, taron Kalsedon ya ce sai mace ta kai shekara 40 za a naɗa ta irin wannan hidima. Katarina ta Siyena kuwa, ba ta da muƙami, amma ta matsa wa Paparoma Giregori na 11 ya bar Abinyon, a Faransa ta yau. Ya koma Roma a 1377.

To, a 1994 Cocin Ingila ya fara naɗa mata limamai. Shekarar nan dai Paparoma Jon Pol na 2 ya ce Cocinsa ba shi da ikon yin haka, tunda Yesu maza ya zaɓa manzanni.

Amma kun ga, a 2025 Paparoma Faransis ya ba Simona Brambilla shugabancin wata ma'aikatar Batikan, mace ta farko ke nan. Ni dai a ganina gardamar ba ta mutu ba: wadda ke shugabantar limamai, har yau ba ta jan sallarsu.