Dalilan goyon bayan jam'iyyar AfD a Jamus

AfD jam'iyya ce mai tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa da aka kafa a Jamus a 2013, da farko don adawa da kuɗin Yuro. Farin jininta ya ƙaru bayan kwararar 'yan gudun hijira, musamman daga Siriya, a 2015. Ƙin jinin shigowar baƙi ne babban abin da ke jawo mata ƙuri'u, sai tsadar rayuwa da yanke ƙauna daga tsofaffin jam'iyyu. Ta fi ƙarfi a gabashin ƙasar, inda mutane da dama ke ganin an mayar da su saniyar ware tun haɗewar Jamus a 1990. A babban zaɓen ƙasar na 23 ga Fabrairu 2025 ta zo ta biyu da kashi 20.8 cikin ɗari.