Henry Gunther: Jikan Jamusawan da ya faɗi saura minti ɗaya

A makon nan za mu tuna da Henry Gunther, sojan Amurka ɗan shekara 23, wanda aka kashe a Faransa ranar 11 ga Nuwamba, 1918, da ƙarfe 10:59 na safe, saura minti ɗaya a tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Idan muka bi salsalarsa, za mu tarar an haife shi a birnin Baltimore a 1895. Mahaifansa duka biyu 'ya'yan Jamusawa ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka, a lokacin yaƙin kuwa ana yi wa masu jinin Jamus kallon zargi.

Akawun banki ne kafin a ɗauke shi soja a 1917. Daga Faransa ya rubuta wa abokinsa wasiƙa cewa ya guji fagen fama. Takardar ta faɗa hannun hukuma, aka sauke shi daga saje zuwa farabiti. Abokan yaƙinsa sun ce abin ya tsaya masa a rai.

A ranar ƙarshe ya tunkari sojojin Jamus da wuƙar bindiga. Suka yi masa alama ya koma, ya ƙi, suka harbe shi. Daga baya aka mayar masa da igiyoyinsa, aka kai gawarsa Baltimore a 1923. Harsashin ƙasar kakanninsa ne ya same shi yana neman yardar ƙasar haihuwarsa.