Yadda Asarar Yaƙi da Tamar Lorraine Suka Haifi Makarantar Injiniyoyi ta Nancy

A garin Vandoeuvre, gefen birnin Nancy da ke gabashin Faransa, akwai makarantar injiniyoyi da ake kira ENSEM, wadda cikakken sunanta ke nufin babbar makarantar ƙasa ta lantarki da kanikanci. A yau tana gabatar da kanta da abubuwa uku: makamashi, kanikanci da fasahar dijital. Mai karatu zai iya ɗauka cewa an jera su ne don jan hankalin ɗalibai, tunda makamashi da kwamfuta su ne abin yayi. Tarihin makarantar bai goyi bayan wannan zato ba. Kowane fanni daga cikin ukun ya shigo ne lokacin da wanda ya gabace shi ya kasa tsayawa shi kaɗai, kuma abin da ya fara tura su ciki buƙatar masana'antun wani yanki ne guda, tun kafin gwamnatin Paris ta sa hannu.

Kafin 1870, horar da manyan injiniyoyi a Faransa harkar gwamnati ce, kuma kusan duk a Paris ake yin ta. Makarantar gadoji da hanyoyi ta 1747, makarantar ma'adinai ta 1783 da Polytechnique ta 1794 suna yaye jami'an da za su yi wa hukuma aiki, su gina mata hanyoyi, su kula da bindigoginta. Tsangayoyin kimiyya na larduna kuwa aikinsu bai wuce shirya jarrabawa da gabatar da laccoci ba. Sai aka gwabza yaƙi da Jamusawa a 1870, Faransa ta sha kashi, yarjejeniyar Frankfurt ta 1871 ta raba ta da Alsace da wani ɓangare na Lorraine, har da biranen Strasbourg da Metz. Faɗuwar wani tashin wani: Nancy ta wayi gari ita ce babban birnin Faransa mafi kusa da sabuwar iyaka. Malamai, masu masana'antu da ma'aikatan da ba su yarda su zama 'yan Jamus ba suka kwararo cikinta da iliminsu da jarinsu, tsangayar likitanci ta Strasbourg ma aka mai da ita can a 1872. Zuwa 1914 yawan mutanen birnin ya haura ninki biyu. Sun zo kuma da wani tunani da ya zauna a zukatan Faransawa da yawa a lokacin, cewa a ɗakunan gwaje-gwaje Jamus ta fara cin yaƙin kafin ta ci shi a fagen daga. Ba sai sun yi nisa ba su ga shaida: Jamus ta gina wa Strasbourg sabuwar jami'a mai kayan aiki, kuma a 1882 makarantar fasaha ta Darmstadt ta naɗa Erasmus Kittler farfesan injiniyancin lantarki, kujera ta farko irinta a duniya.

Haushin shan kashi kaɗai ba ya gina makaranta, sai da kuɗi, kuɗin kuma daga ƙarƙashin ƙasa suka fito. Lorraine na da tama mai ɗimbin yawa, amma ƙarfen da ke cikinta bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, ga fosfaros da ke sa ƙarfen ya riƙa karyewa. A ƙarshen shekarun 1870 wasu Turawan Ingila biyu, Sidney Thomas da Percy Gilchrist, suka gano hanyar cire fosfaros ɗin wajen narkawa, sai tamar da ake rainawa ta zama dukiya, musamman bayan an gano shimfiɗarta a yankin Briey, ɓangaren da ya rage a hannun Faransa. Ƙarfen da aka gina hasumiyar Eiffel da shi daga masana'antar Pompey ya fito, 'yan kilomitoci arewa da Nancy. A Dombasle kuma, Ernest Solvay, attajirin Beljiyam, ya kafa masana'antar da ke sarrafa gishirin yankin zuwa sinadarin soda, ɗan'uwan kanwa. Dokoki ma suka sassauta: daga 1885 tsangayoyi suka sami damar karɓar kyauta su riƙe kuɗinsu, dokar 1896 kuma ta haɗa su suka zama jami'o'i. Shugaban tsangayar kimiyya ta Nancy, masanin fiziks Ernest Bichat, ya gane abin da wannan dama ke nufi. Shi da abokin aikinsa Albin Haller sun riga sun jarraba hanyar da cibiyar ilimin sinadarai, an kuma buɗe makarantar masu sarrafa giya a 1893. A 1900 aka buɗe cibiyar fasahar lantarki, da gudummawar masu masana'antu, Solvay na cikin waɗanda suka fi ba da hannu, tare da tallafin hukumomin birni da na yanki. Ita ce tushen ENSEM.

Ba a yi shekaru da yawa ba, a 1905, aka ƙara mata sashen kanikanci, sunanta ya koma cibiyar lantarki da kanikanci. Wannan ƙari shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da ya biyo baya. Wutar lantarki a masana'anta daga abu mai juyawa take fitowa, a abu mai juyawa kuma take ƙarewa. Tururi ko ruwa ne ke juya injin, injin ya juya janareta, wutar ta bi waya ta je ta juya famfon da ke zuƙe ruwa daga ramin haƙar tama, ko injin da ke murza ƙarfe ya zama falle. Injiniyan da ya san lissafin wuta amma bai san yadda zafi ke zama motsi ba, ko nauyin da sandar ƙarfe za ta ɗauka kafin ta karye, rabin aikin kawai ya sani, kuma masu ramukan Briey ba su da haƙurin biyan mutum biyu kan aikin mutum ɗaya. Grenoble ta bi irin wannan hanya a daidai lokacin, sai dai ita da ruwan duwatsun Alps ta haɗa lantarki, Toulouse ma ta biyo baya a 1907. Kowace da abin da ƙasarta ta ba ta. Abin lura kuma shi ne, a shekarun farko ɗalibai da yawa a Nancy baƙi ne, daga daular Rasha da ƙasashen gabashin Turai, domin 'ya'yan manyan Faransa har lokacin Paris suke hange.

Akwai masu ganin cewa makarantar da masu masana'antu suka gina ba za ta wuce baiwarsu ba: za ta yaye masu gyaran injinan kamfani, ta bar zurfin ilimi. Suna iya ƙara cewa kimiyyar lardi ba abin dogaro ba ce, su kawo misalin René Blondlot, farfesan fiziks na wannan tsangaya ta Nancy, wanda a 1903 ya sanar da gano wani sabon haske da ya laƙaba wa harafin farko na sunan birnin, har sai da Ba'amurke Robert Wood ya ziyarci ɗakin gwajinsa a 1904 ya nuna babu wani haske sai yaudarar ido. Abin kunyar ya faru, Bichat ma yana cikin waɗanda suka gaskata. Amma kuskuren a fagen tsantsar bincike ya auku, inda babu injin da zai ƙaryata mutum nan take. A ɗakin gwajin janareta, lissafin da ya karkace hayaƙi yake fitarwa. Sannan cibiyar ba a harabar kamfani aka gina ta ba, a cikin tsangayar kimiyya take, farfesoshin jami'a ke koyar da lissafi da fiziks. Masu kuɗi sun sayi gini da injuna, manhaja ta zauna a hannun malamai.

Wasu kuma za su ce wannan duk labarin asali ne, makarantar da ake gani yau gwamnati ce ta yi ta. Akwai gaskiya a ciki. Dokar 1934 ta kafa hukumar da ke tantance wanda ya cancanci ba da takardar injiniya, bayan takardun sun yi yawa sun fara rasa daraja. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dokar 1947 ta mai da irin waɗannan cibiyoyi manyan makarantun ƙasa, inda ake shiga ta gasar jarrabawa, daga nan ne sunan ENSEM ya samo asali. Shekara guda kafin haka, a 1946, an haɗe kamfanonin wuta an kafa EDF mallakar gwamnati, wanda ya zama babban mai ɗaukar injiniyoyin lantarki. Bayan tashin farashin mai na 1973, shirin Firaminista Pierre Messmer na 1974 ya karkatar da ƙasar ga nukiliya, wadda wani kaso na yuraniyom ɗinta daga Arlit ta Nijar ya riƙa zuwa, aka kuma gina tashar Cattenom mai tukwane huɗu a Lorraine ɗin kanta. Amma abin da gwamnati ta ba makarantar shi ne matsayi, ɗalibai daga ko'ina cikin ƙasa da kasuwar aiki. Haɗin lantarki da kanikanci ta tarar da shi, ta kuma sa shi cikin sunan yadda ta same shi. Tashar nukiliya ma, in an cire tukunyar da ke samar da zafi, tururi ne da injin juyawa da janareta, wato darasin 1905.

Gwajin gaske ya zo ne da rushewar masana'antun da suka haifi makarantar. Daga tsakiyar shekarun 1970 ƙarfen Lorraine ya kasa gogayya da tama mai arha da inganci daga ƙetare. Garin Longwy ya yi bore a 1979 kan korar ma'aikata, masana'antar Pompey ta rufe a 1986, ramin tama na ƙarshe ya tsaya a 1997, ramin kwal na ƙarshe a Faransa baki ɗaya, La Houve, ya bi sahu a 2004. Da makarantar sana'ar narka ƙarfe kawai take koyarwa, da ta bi su. Ta tsaya domin dokokin zafi, motsin ruwa da maganaɗisu ba su san Briey ba. Wanda ya iya su zai yi aiki a jirgin ƙasa, jirgin sama ko tashar wuta. Ta shiga gamayyar makarantun fasaha na Lorraine a farkon shekarun 1970, sannan cikin Jami'ar Lorraine da aka kafa a 2012.

Saura batun dijital, wanda shi ne aka fi zargi da zama fenti a kan tsohon gini. Amsar tana cikin aikin wuta kansa. Layukan wutar Turai suna tafiya a kan hertz 50, abin da ke nufin manyan janaretoci su riƙe juyi 3,000 ko 1,500 a minti, kuma abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake sha a kowace daƙiƙa. Wannan matsalar daidaitawa ta girmi kwamfuta: James Watt ya magance ta a injin tururi da ƙwallaye biyu masu juyawa, James Clerk Maxwell ya yi mata lissafi a 1868. Abin da ya sauya shi ne kayan aikin, daga ƙarfe zuwa na'urorin lantarki, daga nan zuwa manhajar kwamfuta. Nancy ba baƙuwa ba ce a nan: tun ƙarshen shekarun 1950 Jean Legras, wanda kanikanci yake koyarwa, ya shigo da injin lissafi jami'ar, daga wannan tsatso kuma cibiyar binciken kwamfuta ta LORIA ta fito. Ita da CRAN mai binciken sarrafa injuna, GREEN ta lantarki da LEMTA ta makamashi da kanikanci suna cikin ɗakunan binciken da malaman ENSEM ke aiki a ciki. Buƙatar kuma ƙaruwa take yi, domin layin da a da 'yan manyan tashoshi ke ciyarwa yanzu yana karɓar wuta daga dubban injinan iska da farantan sola, waɗanda ke haɗuwa da shi ta na'urorin inbata. Farantin sola ba shi da sandar ƙarfe mai nauyi da za ta riƙe juyi idan wani abu ya gifta, don haka aikin da nauyin ƙarfe ke yi a da, yanzu sai an auna, an lissafa, an rubuta shi cikin manhaja.