Gishirin da Ya Hana Kankare Kumbura

A shekarun 1930, injiniyoyin jihar Kalifoniya ta Amurka sun shiga ruɗani. Tituna da gadojin da aka zuba da kankare mai kyau sai su fara tsattsagewa bayan 'yan shekaru, tsagar tana yaɗuwa kamar ƙasar fadama da rani. A 1940 Thomas Stanton, injiniya a hukumar hanyoyin jihar, ya gano cewa cutar daga ciki take. Sodiyam da potasiyam da ke cikin siminti suna cin silikar da ke jikin wasu nau'o'in tsakuwa da yashi, sai a samu wani abu mai yauƙi kamar jiƙaƙƙen ƙaro. Abin yana shan ruwa, yana kumbura, har ya fasa kankaren da ke kewaye da shi.

Maganin ya fito daga dangin masu laifin. Litiyam, wanda Johan August Arfwedson ya gano a Sitokholm a 1817, ɗan gida ɗaya ne da sodiyam da potasiyam, sai dai shi ne ƙaraminsu, kuma halinsa daban. A 1951 masu bincike biyu, McCoy da Caldwell, suka gwada sinadarai masu yawa a kwaɓin siminti, suka ga gishirin litiyam ya fi kowanne rage kumburin, domin abin da yake haɗawa da silika ba ya kumbura kamar na 'yan uwansa. Abin mamaki, sakamakon ya kwanta kusan shekara arba'in ba a waiwaye shi sosai ba, sai a farkon shekarun 1990 da shirin binciken manyan hanyoyin Amurka ya tono shi.

A nan ne litiyam naitret ya yi wa sauran fintinƙau. Litiyam haidroksaid, wanda aka fara gwadawa a kan tituna, yana ƙara wa ruwan cikin kankare kaifi, kuma idan aka zuba ƙasa da ƙima yana iya ƙara kumburin da aka so a hana. Ga shi yana ƙona fatar lebura. Naitret ɗin ba ya ƙara wannan kaifi, kuma yana narkewa a ruwa ƙwarai, har yakan jiƙe da danshin iska kawai. Don haka ake sayar da shi a ruwa, kashi 30 cikin ɗari, a zuba a injin kwaɓi.

Sai dai riga-kafi ne, ba waraka ba. Idan aka fesa shi a kan tsohon kankaren da ya riga ya kamu, 'yan milimitoci kawai yake ratsawa. Wasu tsakuwoyin ma ba sa jin sa sai an ƙara awo. Kuma tun da masu ƙera batirin mota suka shigo kasuwar litiyam da kuɗinsu, magina da yawa sun fi karkata ga tokar kwal da dattin narka ƙarfe, waɗanda ke yin aiki makamancin wannan da araha.