Bayan Haramta Kodin: Shin Dekstrometofan Yana Maganin Busasshen Tari ga Yara Kamar Yadda Yake Yi ga Manya?

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi gwaje-gwajen da aka wallafa kan magungunan danne tari waɗanda ba dangin kodin ba, musamman dekstrometofan. Ta gano cewa amfaninsa ga manya kaɗan ne amma akwai shi, ga yara kuwa ba a ga ya ɗara cokalin zuma ba.

Gabatarwa

A ranar 30 ga Afrilu 2018 BBC ta fitar da rahoton bincike kan yadda matasa ke kwankwaɗar maganin tari mai kodin a Najeriya, har da Kano. Washegari gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi, ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, kuma ya ce a maye gurbinsa da dekstrometofan. Ta fuskar yaƙi da shaye-shaye matakin ya yi daidai. Sai dai ya bar wata fahimta a kemis-kemis da gidaje, cewa tunda kwalba ba ta da kodin, to ta dace da kowa, har da yaron da tari ya hana shi barci a daren hunturu. Wannan fahimta ce maƙalar ke jayayya da ita.

Bitar Ayyukan Magabata

An amince da dekstrometofan a Amurka tun 1958. A ƙwaƙwalwa yake aiki, inda yake rage saurin motsawar tari, shi ya sa busasshen tari kaɗai ake nufi da shi, ba mai kaki ba.

Akwai masu ganin ba shi da amfani ko kaɗan. Hujjarsu bitar Cochrane ta 2014, wadda Smith da abokan aikinta suka tattara gwaji 29 da suka ƙunshi mutum 4,835, suka ce babu gamsasshiyar shaida. Amma sun manta da rabin maganar: bitar ta ce babu shaidar da ta tabbatar, babu kuma wadda ta kore. Sannan ta haɗa magunguna iri-iri a kwando ɗaya. Idan aka ware manya, nazarin Parvez ya auna tarin mutum 451 da na'ura a 1996, ya ga miligiram 30 ya rage yawansa da kashi 19 zuwa 36 cikin ɗari. Nazarin Pavesi na 2001 ya sami ragi mafi ƙanƙanta, kashi 12 zuwa 17. Ba abin a zo a gani ba ne, amma ga magidancin da ya kwana yana tari, ragi ne.

Hanyar Bincike

An taƙaita ga gwajin da aka kwatanta maganin da ruwan zaƙi marar magani ko da rashin ba da komai, aka raba sakamakon gida biyu: na manya da na yara.

Sakamako

A nan hoton ya sauya. A 2004 Ian Paul na jami'ar jihar Pennsylvania ya raba yara 100 masu tarin mura gida uku: wasu dekstrometofan, wasu difenhaidiramin, wasu ruwan zaƙi kawai. Dukkansu sun sami sauƙi a daren, kuma babu maganin da ya fi ruwan zaƙin.

A 2007 ya sake gwaji da yara 105 'yan shekara 2 zuwa 18. Wannan karon kashi ɗaya ya sha zuma kafin kwanciya, na biyu dekstrometofan mai ɗanɗanon zuma, na uku bai sha komai ba. Iyaye suka ba zuma maki mafi yawa. Zuma ta fi rashin magani wajen rage yawan tari. Dekstrometofan kuwa bai fi rashin maganin ba ta kowace fuska da aka auna.

Abin da ya ƙara wa batun nauyi daga gida ya fito. Olabisi Oduwole da Martin Meremikwu, masu bincike daga Kalaba, su da abokan aikinsu suka sabunta bitar Cochrane kan zuma a 2018, da gwaji 6 da yara 899. Suka ce mai yiwuwa zuma ta fi ruwan zaƙi da rashin magani, tsakaninta da dekstrometofan kuwa bambancin kaɗan ne ko babu. Ronald Eccles na Cardiff ya daɗe yana cewa kaso mafi tsoka na aikin maganin tari na ruwa daga zaƙinsa da kaurinsa da yardar mai sha yake zuwa. In haka ne, uwa na sayen sikarin ne da tsada, ta haɗa da haɗarin jiri, rashin barci ko zarce awo.

Hukumomi sun riga sun ɗauki hanya. Amurka ta yi gargaɗi a 2008 kan ba 'yan ƙasa da shekara 2, Birtaniya ta kai iyakar shekara 6 a 2009. Benzonatet ma, wanda shi ma ba dangin kodin ba ne, ba a yarda da shi ga ɗan ƙasa da shekara 10 ba, kuma ƙwaya ɗaya ko biyu na iya kashe ƙaramin yaro.

Iyakokin Bincike

Za a ce gwajin Paul na dare ɗaya ne, ma'auninsa ra'ayin iyaye ne, kuma hukumar masu zuma ta Amurka ce ta ɗauki nauyin na 2007. Gaskiya ne. A gwaji shidan bitar zumar ma na Kenya kaɗai aka yi a Afirka. Duk da haka, nauyin kawo hujja yana wuyan maganin da ake sayarwa, ba wuyan zuma ba.

Kammalawa

Babba mai busasshen tarin mura na iya shan dekstrometofan na 'yan kwanaki, muddin ba ya kan wasu magungunan ciwon damuwa da ba sa jituwa da shi. Wanda tarinsa ya fara bayan an ɗora shi kan lisinofuril na hawan jini, likita zai koma a sauya masa ƙwaya. Yaro ɗan ƙasa da shekara 6 kada a ba shi dekstrometofan. A ba shi zuma idan ya haura shekara ɗaya, domin tana iya jawo wa jariri cutar shanyewar jiki. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa, a kai mai shi gwajin tarin fuka kafin a sake saya masa wata kwalbar.