Kan sarkin Accra na 1883: kwabo ɗaya a kan kwabo huɗu

A cikin duk kan sarkin da aka yi amfani da su a ƙasar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, babu wanda ya kai na watan Mayun 1883 wuyar samu. Asalinsa na kwabo huɗu ne, mai hoton Sarauniya Bitoriya, launinsa ja mai sirkin shuɗi. A Accra, wadda tsofaffin Hausawa ke kira Ankara, aka buga masa "1d" a fuska, ya koma na kwabo ɗaya. Ƙwaya ɗaya tak aka san tana nan, kuma tana Landan.

Gwalkwas ta fara fitar da kan sarkinta a watan Yulin 1875: na kwabo ɗaya shuɗi, na kwabo huɗu, da na sisi ruwan goro. Kamfanin De La Rue na Landan ne ke bugawa, jirgin ruwa ya kawo. A 1877 aka ɗauke hedkwatar mulki daga Cape Coast zuwa Accra, a 1879 kuma ƙasar ta shiga ƙungiyar gidajen waya ta duniya. A shekarun ne Hausawan da suka yi aikin soja da ɗan sanda ƙarƙashin Turawa, da fataken goro, ke kafa zangonninsu a garin. Kasuwar Makola kanta ba a gina ta ba sai 1924.

Matsalar ita ce nisa. In ƙananan kan sarki suka ƙare, sai a jira jirgi makonni. Jami'an gidan waya kan yi dabara: ko a sake wa babba kuɗi da hatimi, ko a tsaga shi biyu a manna rabi. An yi duka biyun a Gwalkwas. Irin waɗannan na wucin gadi ba a yin su da yawa, kuma mai karɓar wasiƙa yakan yar da ambulan, shi ya sa abin da ya tsira ke yin daraja.

Ƙwayar da ta tsira ta shiga hannun Thomas Tapling, ɗan majalisar Ingila mai tara kan sarki. Da ya rasu a 1891 ya bar wa ƙasarsa duk abin da ya tara, yanzu yana ajiye a ɗakin karatu na British Library. Ba na sayarwa ba ne, don haka ba shi da farashin kasuwa. Wanda duk ya zo da "irinsa" a Makola ko a intanet, to a yi hattara: buga "1d" a kan tsohon kan sarki ba shi da wuya ga ɗan damfara.

Wanda ake iya gani a wajen gwanjo shi ne na sule 20, kore da ja, na 1889. An janye shi a watan Afrilun 1893 bayan an sace kaso mai yawa na ajiyarsa, aka maye gurbinsa da wani launi a 1894. Arewacin Najeriya ma tana da nata: na fam 25 na 1904, mai hoton Sarki Edward na Bakwai, lokacin da hedkwata ke Zungeru. A duniya kuwa, zakaran shi ne na santi ɗaya na British Guiana na 1856, wanda aka sayar kusan dala miliyan 9.5 a New York a 2014.

A gidajen Nima da Maamobi ba a rasa tsohon akwati mai wasiƙun kakanni daga Kano, Sakkwato ko Yamai. Galibin kan sarkin da ke jikinsu ba su da tsada. Na samun 'yanci na 6 ga Maris 1957, masu hoton Kwame Nkrumah, da tsofaffin da aka buga wa sunan Ghana a sama, an yi su da yawan gaske, tsufa kaɗai ba ya sa musu kuɗi. Masana suna duba alamar kambi da ke cikin takardar, da haƙoran gefe, da hatimin gidan waya. Na farko-farkon Gwalkwas suna ɗauke da haruffan CC a ƙarƙashin kambin, na baya kuma CA.

Abin da ya fi jawo asara shi ne ɓamɓare kan sarki daga ambulan. Wasiƙa cikakkiya, mai hatimin ƙaramin gari da kwanan wata, sau da yawa ta fi kan sarkin shi kaɗai daraja, balle in an rubuta ta da ajami. Danshin Accra da gara su ma suna cinye takarda, ga tsatsa mai ɗiga-ɗigan ja da ke karya farashi. Masu tarawa na ajiye nasu a busasshen wuri, ba sa taɓa su da yatsa sai da ɗan hantsaki.