Dalar Gyaɗa, Kuturun Gyaɗa, da Yaranmu Masu Digiri

Jiya ɗan yayana ya same ni a gida nan Rijiyar Zaki, ya gama digiri a ilimin ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, yana cewa: “Baba, wannan karatun in ba asibiti ba, ina zai kai mutum?” Na ce masa ya zauna, tun da tarihin ƙasar da yake takawa ma bai sani ba.

Wannan unguwa da kuke gani cike da gidajen bulo, dā gonaki ne. Karkarar da ta kewaye birnin Kano an yi ɗaruruwan shekaru ana nomanta duk damina ba hutu, amma ƙasar ba ta mutu ba. Har Turawa irin su Michael Mortimore sun yi shekaru suna nazarin abin. Sirrin bai wuce taki ba: da rani jakuna na jigilar mangalar shara da toka daga birni, ga kashin awaki daga gida, sannan a haɗa gero da wake da gyaɗa a gona guda. Kakanninmu sun san inda aka yi gyaɗa bana, dawa za ta yi kyau baɗi. Dalilin shi ne ’yan ƙurajen nan da ke jikin saiwar gyaɗa da wake. Bakteriya ce a ciki mai suna Rizobiyom, tana zuƙo naitirojin daga iska ta ba shuka, wato aikin da muke sayen buhun yuriya ya yi mana. Sai a 1888 wani masani ɗan ƙasar Holan, Beijerinck, ya iya ware ta a ɗakin bincike.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, su Alhassan Dantata suka tara dala. To amma abin da ido ba ya gani, yadda yake ginawa haka yake rusawa. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Bincike ya gano wata funfuna ce ke zuba guba a gyaɗa da masara, ana kiran gubar afilatoksin, kuma tana jawo kansar hanta. Tun daga nan kasuwar Turai ta fara tsaurara awo. Sai farin 1973, sai kuturun gyaɗa na 1975, cutar da darɓa ke yaɗawa, ya cinye gonakin Arewa. Mu dai kullum man fetur muke ɗora wa laifin ɓacewar dala, kuma yana da nasa kason, amma manomin da ya yi asarar iri da jari a shekara guda ba fetur ne ya kore shi ba.

Su wa suka tsaya a kan matsalar? Masu bincike. Cibiyar Binciken Noma ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922 kafin ta shiga ƙarƙashin Jami’ar Ahmadu Bello a 1962, ita ta fitar da irin gyaɗa na SAMNUT mai jure kuturu. IITA a Ibadan ta yi Aflasafe, funfuna marar guba da ake watsawa a gona ta danne mai gubar, ta kuma yi Nodumax, Rizobiyom da ake cakuɗa irin waken suya da shi kafin shuka. Ayyuka irin waɗannan, da yawa daga gwaje-gwajensu ɗaliban digiri na biyu da na uku ne ke yi, su ne masu haƙa ƙasa da ƙirga ƙurajen saiwa a rana.

Abin da ya fi ba ni takaici, yaron bai san Cibiyar Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwan Sama ta Jami’ar Bayero ba, alhali Sabon Mazauni daga nan ko a ƙafa ka je. An kafa ta a 2012, Bankin Duniya ya saka ta cikin cibiyoyin da yake tallafa wa a Afirka, ɗalibai na zuwa daga wasu ƙasashen su yi digiri na biyu da na uku. Ba na ce akwai kuɗi a jibge ba, bincike a ƙasar nan sai da haƙuri. Amma ga tsadar takin zamani, ga wuta-wuta na cin dawa, tambayoyin da ke jiran amsa suna bayan gidanmu.

Na ce ranar Litinin ya shirya takardunsa, ni zan sauke shi a ƙofar jami’ar kafin in wuce ofis.